Tayoyi Uku a Reshen Tsamiyar Ɗantani

Gwaggo Karima ce ta fara jin sautin. Damina ce, an idar da sallar isha'i, ruwa ya ɗauke, kwaɗi sun kama kukansu daga wajen gulbi, sai ta ji wani abu daga bayan katangarta wanda ba na kwaɗo ba ne. Tum. Aka yi shiru. Tam. Aka sake yin shiru, sannan tin, siriri, kamar an taɓa tsirkiyar gurmi aka fasa kiɗan. A bayan katangar nan akwai tsamiya, kuma kowa ya san abin da ake faɗa a kan tsamiya idan rana ta faɗi. Gwaggo ta karanta addu'o'in da ta iya, ta ja ƙofa, ta kwana da fitila a kunne. Da gari ya waye ta leƙa ta saman katanga, sai ta ga tayoyin keke uku a rataye a reshe, suna juyawa a hankali cikin iskar safe. Maƙwabcinta Malam Ɗantani yana shara a ƙarƙashinsu kamar yadda ya saba.

Ta ce, "Malam, ashe kai ne ka hana ni barci. Kiɗa ka koma da tsufanka?"

Ya ce, "Aiki ne, Gwaggo. Ki yi haƙuri da ni."

Wannan mutumin muke jinjina wa yau da ya ajiye famfo, tun yana raye, yana ji da kunnensa. Malam Ɗantani mai gyaran keke ne a Ƙaura Namoda, a gindin tsamiyar da ke kan hanyar tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mu da muke zaman inuwa a wurin, da gemunmu baƙi muka same shi a nan, har ya yi fari yana nan. Labarin tayoyin nan uku kuwa ba ya fahimtuwa sai an san yadda yake aikinsa kafin a rataye su.

Daga masallacin asuba yake wucewa gindin tsamiya, da ƙafa, don shi bai taɓa mallakar keke ba. Ya share wurin, ya zuba ruwa a tsohuwar tasar da yake tsoma tib a ciki ya ga inda kumfa ke fitowa, ya jera sifana da sholisho da guntayen roba a kan buhu. Famfonsa na ƙarfe ne, mariƙin icen ya sha hannu har ya yi santsi ya ɗauki siffar tafinsa. Idan mai keke ya tsaya, bayan gaisuwa, Ɗantani ba ya taɓa famfo sai ya yi tambaya biyu.

"Ina za ka? Mi za ka ɗauka?"

Baƙo kan ɗauka surutu ne irin na tsofaffi. Ba surutu ba ne. A wurin Ɗantani kowace hanya da iskarta. Mai bin kwalta zuwa cikin gari a cika masa taya ta yi tauri, keke ya riƙa gudu kamar ana tura shi. Mai bin burji da tsakuwa a rage kaɗan, kada keke ya riƙa tsalle yana jijjiga masa haƙora. Mai shiga rairayi irin na wajen Jangeru ko Gurbin Bore a sassauta masa sosai, taya ta baje ta kwanta a kan yashi maimakon ta nutse. Mai buhun gero a kariya a ƙara wa ta baya. Mai fita da azahar kuma, ko ina za shi, sai ya rage masa ɗan abu, ya ce ya bar wa rana wurinta, don iska takan kumbura idan kwalta ta ɗauki zafi. Idan ya gama sai ya danna tayar da babban yatsa, ya ɗalle ta da ɗan ali, ya karkata kai ya saurara.

Ba kowa ke yarda da shi ba, kuma nan daɗin gindin tsamiyar yake. Masu keke mutane ne masu ra'ayi. Jafaru mai kai burodi ƙauyuka ya tsaya a kan cewa taya in ba ta yi tauri kamar dutse ba, ƙarfin mutum take sha. Malam Lukman, malamin firamare, yana da keken tsere mai siraran tayoyi da giya kala-kala, yana sa hular kwano ko sayen goro za shi, kuma yana da ɗan agogon auna iska da yake ɗaura wa bawul, bakin da ake ɗura wa taya iska. Alamin kuwa, Bafillacen da ke kawo nono da man shanu daga rugarsu ta wajen Gurbin Bore, tsohon baƙin kekensa ko birki na kirki ba shi da shi, da diddige yake tsayar da shi.

Alamin yakan ce, "Malam Lukman, wanga ƙoƙo da ka kifa a kai, in ka gaji da shi ka ba ni in auna nono."

Lukman ya ce, "Ranar da ka faɗi za ka nemi ƙoƙon."

"Ni ban faɗuwa. Maƙerin nan dai in bai yi mini mugunta ba."

Ɗantani jikan maƙera ne, maƙera kuwa abokan wasan Fulani ne, shi ya sa tsakaninsa da Alamin sai wasa. Yakan amsa ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ce, "Bafillace da keke, saniya dai ta huta." A yi dariya, a koma gardamar sirdi mai soso da sirdin fata, ko man gyaɗa yana yi wa sarƙa amfani ko ƙura kawai yake tarawa. Agogon Lukman kuwa Ɗantani na son sa ƙwarai. Yakan karɓa ya juya shi, ya kalli allurar tana motsi kamar mai rai, ya ce da ya sami irinsa tun yana saurayi da ya kwana da shi a ƙarƙashin matashin kai.

Akwai abin da ke ba mutum mamaki idan ya zauna ya yi tunani. Iskar da Ɗantani ke ɗurawa a taya iskar gindin tsamiyar nan ce, mai ƙamshin ƙosan Gwaggo da hayaƙin shayi. Ita ce ake ɗauka a ƙulle a cikin roba a kai ta Shinkafi, a kai ta Zurmi, wata ma ta tsallaka iyaka ta shiga Nijar. In ƙaya ta huda taya a daji, iskar Ƙaura ce ke fita a can, ta bi ta cikin gero ta tafi abinta. Shekaru da shekaru yana aika ta. Da iska tana da launi, da an ga hanyoyin ƙasar nan duk sun yi zane daga gindin itace guda.

Shekarar da aka yanke layukan waya aka hana hawa babura saboda 'yan bindiga, kekunan da aka manta da su suka sauko daga rufin zaure. Wasu sun yi tsatsa, wasu kaji sun yi ƙwai a kwandonsu. Ɗantani ya tashe su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ne wani manomi daga Kurya Madaro ya turo matarsa Ummusalma a kariya, tana da tsohon ciki, zai kai ta asibiti. Mutane da yawa sun gani. Ɗantani ya dubi matar, ya dubi tayar baya da aka cika ta yi tauri, ya durƙusa ya saki iska kaɗan-kaɗan yana dannawa, har ta yi laushin da za ta shanye ramukan hanya. Ya cire rawaninsa ya naɗe ƙarfen kariyar da shi. Rawanin bai dawo ba sai ranar suna, da goro a ƙulle a bakinsa.

Kai ne, Ɗantani, mai auna iska da yatsa. Kai ne wanda bai taɓa ɗaukar keke a matsayin ƙarfe kawai ba, sai ka duba wanda ke kansa, da abin da ya ɗauko, da ƙasar da zai taka.

Sai zamani ya juya wa tambayarsa baya. Hanyoyi suka lalace, ana tare mutane ana shiga da su daji, aka kuma gane cewa akwai masu kai wa 'yan bindiga labari daga cikin gari. Mutum ya daina gaya wa ɗan'uwansa inda za shi. Miji ya fita da safe ya ce wa matarsa yana zuwa, ke nan. Ɗantani bai lura ba, ko ya lura bai ɗauka abin ya shafe shi ba. Ya ci gaba da tambaya kamar yadda ya yi tun yana saurayi.

Wata Laraba Murtala mai sayar da yadi ya kawo kekensa. Ɗantani ya tambaye shi, ya ce Shinkafi za shi kasuwar Alhamis, da bandir a kariya, ta ɓarauniyar hanya. Washegari aka tare shi. Ya daɗe a hannunsu, danginsa suka sayar da abin da za su sayar, ya dawo a rame, ba keke ba kaya. Da mutane suka je yi masa barka da arziki, bai ambaci sunan kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Ni dai mutum guda na gaya wa inda za ni."

Maganar ta zaga gari kafin la'asar. A ƙasarmu yanzu, a ce mutum yana kai labari daji ba ƙaramin abu ba ne, an rasa rayuka a kan abin da bai kai wannan ba. Ba wanda ya zo ya tuhumi Ɗantani a fuskarsa. Masu keke dai suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen titi. Jafaru ya koma wurin mai facin babura. Benci ya zama wayam, sai mu tsofaffi biyu-uku da ba mu da wata inuwar. Ɗantani yakan share wurin, ya zuba ruwa a tasa, ya zauna yana kallon ganyen tsamiya na faɗawa ciki. Ɗiyarsa Zainab ta zo daga gidan mijinta ta roƙe shi ya bar garin ya koma wurinsu. Ya ce in ya tashi yanzu, ya amsa laifin ke nan.

Abin da ya yi shi ne ya rufe bakinsa. Wanda duk ya kawo keke, ya ɗura masa iska daidai wa daida, ba tauri ba laushi, ya miƙa masa ba tambaya. Alamin na cikin 'yan kaɗan da ba su daina zuwa ba. Ranar nan ya zo, Ɗantani ya cika masa kamar na kowa. Sai bayan kwanaki muka sake ganin sa, a ƙafa, hannunsa na dama a ɗaure da tsumma an rataye a wuya. Tayar gaba ta kafe a rairayi a wata gangara, keke ya watsar da shi, kafaɗa ta goce.

Ya tsaya a kan Ɗantani ya ce, "Maƙeri, mi ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Ɗantani ya ce, "Ka san abin da anka ce."

"Na sani. Ni kallon da anka fara yi maka jiya, shi aka yi mini kullum in na shigo kasuwa, tun da abin nan ya fara. Na daina kawo nono? Kai ka san rairayi za ni. Ka sani, amma ka cika mini iskar kwalta don kada a ce ka sani."

Ɗantani ya daɗe yana kallon hannun nan da ke rataye. In ya yi tambaya, a ce yana kai labari. In ya yi shiru, mutane su karye a hanya. Ya wuni a haka, famfo a jingine a gwiwarsa, ko abincin da Gwaggo ta aiko bai buɗe ba.

A daren nan ne Gwaggo ta ji sautin. Ɗantani ya tono tsofaffin ƙafafun keke uku daga tarkacensa, ya sa musu tib, ya ɗura wa ɗaya iskar rairayi, ɗaya iskar burji, ɗaya iskar kwalta, ya rataye su a reshe daidai tsayin hannun mutum. Tum ɗin nan ta rairayi ce, tam ta burji, tin ta kwalta. Ɗalle su yake yi yana saurara, ya tabbatar kowace ta tsaya inda ya dace.

Da safe ya ce wa wanda ya fara tsayawa, "Kada ka gaya mini komi. Taɓa wadda ta yi kama da hanyarka. In da kaya, taɓa da yatsa biyu."

Rairayi ya yi yawa a ƙasar nan, burji ma haka. Wanda ya taɓa tayar rairayi, ba mai iya cewa Jangeru za shi ko wata ruga ce a bayan Zurmi. Ɗantani ya san abin da hannunsa ke bukata, bai san abin da zai cuci kowa ba.

Son kallo ne ya fara dawo da mutane, gaskiya. Aka ce tsoho ya rataye tayoyi a tsamiya, wasu suka ce asiri ne, suka zo su gani. Malam Lukman ya ɗaura agogonsa a kan kowace, ya karanta, ya ce ta kwaltar ta yi wa kekensa laushi, siraran tayoyi sun fi son tauri. Ɗantani ya ce to shi ya riƙa taɓawa sau biyu. Jafaru ya dawo, ya taɓa ta kwalta alhali kowa ya san ƙauye za shi, Alamin ya ce a bar shi, burodinsa ya fi daɗi in ya sha jijjiga. Gardama ta dawo benci. Tib kuwa yakan saki iska a hankali ko ba huji, don haka kowane dare bayan isha'i sai Ɗantani ya koma ya daidaita su. Gwaggo ta saba, har ta ce in ba ta ji tin ɗin ƙarshe ba barci ba ya ɗaukar ta.

Amma aiki ne ya dawo, suna bai gama dawowa ba. Ba a taɓa gano wanda ya kai labarin Murtala ba, ko ma akwai shi. Ana taɓa taya a yi shiru, shirun nan kuwa yana tuna wa kowa dalilinsa. Murtala ya sake yin keke, ya riƙa wucewa ta can gefen titi, kansa a sunkuye. Ɗantani bai taɓa ambatar sunansa da mugun abu ba. In an kawo zancen yakan ce wanda ya kwana a daji a ɗaure, ba a yi masa hisabin abin da ya faɗa.

Bana kafaɗunsa suka gaza. Yakan danna famfo ya tsaya yana numfashi. Ya ce zai bar wurin ga Jabiru, magidancin da ke facin babura a tsallake, wanda ya yarda zai riƙe kekuna da tayoyin uku yadda suke. Aka sa ranar wata Laraba ta zama ta ƙarshe. Ba taro aka kira ba, amma benci ya cika, wasu suka zauna a kan kariyar kekunansu. Gwaggo ta miƙo ƙosai ta saman katanga.

Wajen la'asar sai ga Murtala ya tsallako titi yana tura kekensa. Hira ta tsaya. Ya zo har gaban tayoyin, ya dube su, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya jingine keken a gaban Ɗantani, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya yi magana da muryar da na ƙarshen benci zai ji.

"Baba, Shinkafi za ni gobe, da yadi a kariya. Kwalta zan bi har mararraba, sannan in sauka burji."

Ɗantani ya dube shi. Sai ya sunkuya ya danna tayar baya da babban yatsa, ya jawo famfo. Jabiru ya miƙo hannu zai karɓa, ya girgiza masa kai. Ya ɗura a hankali, yana hutawa, ya ɗalle, ya saurara, ya saki kaɗan.

Ya ce, "Da wane lokaci za ka tahi?"

"Da hantsi, Baba."

"To na bar wa rana wurinta. Allah shi kai ka lafiya, shi maido ka."

Alamin ya share ido da bakin rawani ya ce hayaƙin shayin nan ya yi yawa. Sannan ya ce shi ma a sani, gida za shi, rairayi ne har ƙofar ruga, in maƙeri ya sake karya shi sai ya biya shi da saniya. Jafaru ya faɗi ƙauyensa. Lukman ya ce shi makaranta kawai za shi, amma a rubuta shi cikin matafiya.

Mun gode, Malam Ɗantani. Mun gode da iskar da ka aika ko'ina a ƙasar nan, da rawanin da ka naɗa wa kariya, da haƙurin da ka yi ranar da muka bi ta ɗaya gefen titi. Kai ne aka rufe wa baki, ka nemo hanyar kula da mutane ba tare da ka buɗe shi ba. Allah ya saka maka, ya ba kafaɗunka sauƙi, ya sa ka gama lafiya. Masu sana'a na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, tela ne ko direba ko mai ba da magani, ku dubi wannan tsoho. Kafin ku taɓa kayan aiki ku san halin wanda ke gabanku, in zamani ya hana ku tambaya, ku nemi wata dabara, kada ku cika wa kowa iska ɗaya.

Da magariba ta gabato ya wanke hannu a tasar, ya zubar da ruwan a gindin tsamiya, ya miƙa wa Jabiru famfo. Ya ɗalle tayoyin uku sau ɗaya-ɗaya, tum, tam, tin. Masu keke kowa ya ce ya hau ya kai shi, ya ce a'a, ya saba. Ya saɓa buhunsa ya kama hanya da ƙafa, ba ta wajen gidansa ba, ta wajen tsohon layin dogo, inda ciyawa ta rufe ƙarafa. Muna kallon sa yana ƙanƙancewa.

Gwaggo Karima tana tsaye a bayan katanga, haɓarta a kan hannuwanta. Ta ce, "Wai ni kam, duk zamanin nan da yake tambayar mutane, akwai wanda ya taɓa tambayar shi ina za shi?"

Tayoyin suna ta juyawa a reshe.